Agustin Na Hifo: Ɗan Afirkan Da Katolika Da Furotesta Ke Rububin Gadonsa

Akwai wata fahimta da ta daɗe da samun gindin zama a zukatan mutanenmu, har da waɗanda suka yi karatun boko mai zurfi, cewa addinin Kirista wani kaya ne da Turawa suka ɗauko a jirgin ruwa suka sauke mana a gaɓar teku. Ba za a ga laifin mai wannan fahimta ba, domin a hannun 'yan mishan aka fara ganin abin a wannan yanki namu. To amma idan aka waiwayi tarihi, za a tarar cewa tun kakannin Ingilishi suna bautar gumakansu a dazuzzukan arewacin Turai, ƙasashen da yau ake kira Tunisiya da Aljeriya suna da ɗaruruwan bishop-bishop. Bilhasali ma, mutumin da akasarin masana suka yarda cewa bayan Bulus babu wanda ya kai shi tasiri a kan Kiristancin Yamma, haifaffen wani ƙaramin gari ne a gabashin Aljeriya. Sunansa Agustin, kuma tarihinsa ya cancanci mai karatu ya san shi, Musulmi ne ko Kirista, saboda tambayoyin da ya yi fama da su har yau ba su bar mu ba: shin ana iya tilasta wa mutum gaskiya, kuma mene ne matsayin malami idan ya jingina da ƙarfin hukuma?

Kafin a haife shi, ikilisiyar Arewacin Afirka ta riga ta sha wuya ta kuma yi suna. A shekarar 180 hukumar Rumawa ta fille kawunan wasu Kiristoci a birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, saboda sun ƙi girmama sarki irin girmamawar bauta. A 203 aka jefa wasu mata biyu, Fafetuwa da Felisita, gaban namun daji a dandalin wasa na birnin. A 258 aka kashe Sifiriyan, babban bishop na Kartaj. Tsanantawa mafi muni ita ce ta Sarki Diyokiletiyan da ta fara a 303. Bayan shekara goma kacal sai reshe ya juye da mujiya: a 313 Sarki Kustantin ya halatta addinin, a 325 ya tara malamansa a Nikiya don su daidaita aƙida, sannan a 380 Sarki Tiyodosiyus ya mayar da shi addinin daula. Wato Agustin ya taso ne a daidai lokacin da waɗanda ake farauta jiya suka wayi gari takobin hukuma na gefensu.

An haife shi ranar 13 ga Nuwamba, 354, a garin Tagaste da ke lardin Numidiya, garin da yanzu ake kira Suk Ahras. Mahaifinsa Fatirisiyus ɗan majalisar gari ne mai ɗan rufin asiri, mai bin addinin gargajiyar Rumawa, wanda bai karɓi baftisma ba sai dab da rasuwarsa. Mahaifiyarsa Monika kuwa Kirista ce mai tsananin ibada, kuma masana da yawa na ganin sunanta na Barbarawa ne, wato dangin Buzayen da muka sani. Iyayen sun ga yaron na da kaifin basira, sai suka ƙudurta cewa ta hanyarsa gidan zai ɗaukaka. A wancan zamani babu tsanin da ya kai ilimin balaga kai ɗan talaka ga muƙami, don haka aka tura shi makaranta a garin Madaura. Yana ɗan shekara 16 kuɗi suka yanke, ya dawo gida ya shekara guda yana yawon banza da abokai, har sai da wani attajirin garin mai suna Romaniyanus ya ɗauki nauyin karatunsa a Kartaj.

A Kartaj ya zama zakara a cikin ɗalibai, ya kuma sheƙe ayarsa irin ta samarin birni. Ya ajiye wata mace da ba ajinsu ɗaya ba suna zaman dadiro, wanda dokar Rumawa ba ta hana ba, suka shafe wajen shekara 15 tare, ta haifa masa ɗa mai suna Adiyodatus a 372. Yana ɗan shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, shahararren mai balagar Rumawa, wanda ya cusa masa ƙishirwar neman hikima. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki don ya kashe wannan ƙishirwa, sai ya ga Latin ɗin da aka fassara shi da shi bai kai na littattafan makaranta armashi ba, ya rufe. Daga nan ya faɗa hannun mabiya Mani, wani mutumin ƙasar Farisa na ƙarni na uku da ya koyar da cewa duniya fagen yaƙi ce tsakanin haske da duhu, kuma kowannensu mai cin gashin kansa ne. Abin da ya ja Agustin shi ne wannan koyarwa ta ba shi amsa mai sauƙi kan inda sharri ya samo asali, ta kuma ɗauke masa nauyin laifinsa ta ɗora wa duhu. Ya yi shekara tara a cikinsu, Monika na kuka tana addu'a.

A 383, bayan rashin tarbiyyar ɗaliban Kartaj ya ishe shi, ya yaudari mahaifiyarsa ya bar ta a bakin teku, ya shiga jirgi da dare zuwa birnin Rum. Can ma ya tarar da wata sabuwa, domin ɗaliban Rum sukan sha karatu, idan lokacin biya ya yi su sulale zuwa wurin wani malamin. A 384 sa'a ta faɗo masa, aka naɗa shi malamin balaga na birnin Milan, inda fadar sarki take a lokacin. Ɗan shekara 30 daga ƙauyen Numidiya ya zama mai tsara jawabin yabon sarki, kuma kujerar gwamna na hango shi. Monika ta biyo shi, ta nema masa auren wata yarinya 'yar manyan gida. Sharaɗin auren shi ne a sallami uwar ɗansa. Aka mayar da ita Afirka, aka riƙe yaron. Shi da kansa ya rubuta cewa rabuwar ta bar masa miki a zuciya, amma duk da haka bai taɓa ambaton sunanta ba a cikin dubban shafukan da ya bari. Wannan tabo ne da masu kare shi ba su da abin cewa a kai.

A Milan ne ya haɗu da Bishop Ambros, tsohon gwamna, mutumin da sarakuna ma ke shakka. Da fari salon maganarsa yake zuwa saurare, irin na ɗan sana'a da ke auna ɗan'uwansa, sai a hankali ma'anar ta riƙa shigarsa. A daidai lokacin ya karanta littattafan mabiya falsafar Aflatun, waɗanda suka nuna masa cewa sharri ba wani abu ne mai zaman kansa ba, rashin alheri ne, kamar yadda duhu yake rashin haske. Hankalinsa ya gamsu, amma zuciya ta ƙi sakin sha'awa da son girma. A cikin damina ta 386, yana zaune a wani lambu cikin ƙunci, ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana rera wasu kalmomi da ya ɗauka umarni ne gare shi ya buɗe littafi. Ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya faɗa kan ayoyin ƙarshen babi na 13 da ke hani ga shaye-shaye da fasiƙanci. Nan take ya yanke shawara. Ya ajiye aiki, ya fasa auren, kuma a daren Ista na Afrilun 387 Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa. A kan hanyarsu ta komawa gida Monika ta rasu a tashar jiragen ruwa ta Ostiya tana da shekara 56.

Ya koma Tagaste a 388, ya rabu da gadonsa, ya zauna da wasu abokai suna karatu da ibada. Ba a daɗe ba ɗansa ya rasu. Burinsa ke nan ya ƙare rayuwarsa a cikin littattafai, har yana guje wa duk garin da ya ji babu bishop don kada a kama shi. Amma a 391 ya kai ziyara Hifo, birnin gaɓar teku da yau ake kira Annaba, ya shiga coci, sai tsohon bishop ɗin wurin, Baleriyus, wanda Bagirke ne da Latin bai zauna a bakinsa ba, ya yi wa jama'a kukan rashin mataimaki. Jama'a suka damƙe Agustin suka tura shi gaba yana hawaye, aka naɗa shi limami. Bayan 'yan shekaru ya gaji kujerar, kuma a kanta ya zauna fiye da shekara 30 har ajalinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin bishop a wancan lokaci wa'azi ne kawai. Doka ta ba shi ikon yanke hukunci, don haka Agustin kan zauna tun safe yana sauraren rigimar gado da ta iyakar gona, wani lokaci har yini ba tare da ya ci abinci ba. Wasu wasiƙunsa da aka gano a ɗakunan karatu na Faransa aka buga a 1981 sun nuna yadda fataken bayi ke satar mutane daga ƙauyukan Numidiya suna lodawa a jiragen ruwa, da yadda 'yan cocinsa suka taɓa kuɓutar da mutum kimanin 120 daga hannunsu. Waɗannan wasiƙu sun kuma fallasa wata ƙaƙƙarfar kasawa tasa: saboda neman wanda ke jin harshen ƙauyawa, ya ɗora wani matashi mai suna Antoninus a kan kujerar bishop na ƙauyen Fusala, yaron ya zama ɗan handama, ya ƙwace dukiyar talakawa, abin da ya sa Agustin ya yi tunanin ajiye muƙaminsa don kunya. A cikin wannan hada-hada ne ya rubuta littafinsa na iƙirari tsakanin 397 da 400, inda ya tona asirin kansa a gaban Ubangijinsa. Masana kan kwatanta shi da littafin Munƙizu na Imam Gazali, wanda ya zo bayansa da ƙarni bakwai.

Babban yaƙinsa na farko a cikin gida ya yi shi. A lokacin tsanantawar 303, wasu malamai sun miƙa wa hukuma littattafai masu tsarki don su tsira da rayukansu. Da ƙura ta lafa, sai aka naɗa wani Sisiliyan bishop na Kartaj, masu adawa suka ce ɗaya daga cikin waɗanda suka naɗa shi yana cikin maciya amanar, don haka naɗin bai inganta ba. Suka tsayar da nasu, kuma daga sunan jagoransu Donatus aka samo sunan ɗariƙar. Matsayinsu shi ne ikilisiya taron tsarkaka ce, kuma baftismar da malami fasiƙi ya yi ba ta karɓu ba, sai an sake. Kustantin ya goyi bayan Sisiliyan, taron malamai na Arles a 314 ma haka, amma talakawan Numidiya suka bi Donatus, saboda a idonsu ɗaya ɓangaren cocin gwamnati ne. Kusan kowane gari ya zama da coci biyu da bishop biyu. A Hifo ma mabiya Donatus ne suka fi yawa, har an taɓa hana masu gashin burodi sayar wa 'yan Katolika.

Hujjar Agustin a kansu mai ƙarfi ce. Ya ce albarkar baftisma daga Almasihu take, ba daga tsarkin hannun limami ba, in ba haka ba babu wanda zai taɓa sanin ko ibadarsa ta inganta, tunda babu mai ganin zuciyar malaminsa. Ya ce ikilisiya a duniya gona ce da hatsi da ciyawa ke tsirowa tare, kuma rarrabe su aikin ranar hisabi ne. Da fari ya tsaya kan cewa da hujja kaɗai za a jawo su, ya yi ta rubuta wasiƙu yana neman muƙabala. Sai dai rikicin ba na baki kaɗai ba ne. Akwai wasu gungun 'yan ta-kife masu goyon bayan Donatus da ke yawo da kulake, suna dukan limaman Katolika, suna zuba musu farar ƙasa da ruwan tsami a ido. Shi kansa Agustin sun taɓa yi masa kwanton ɓauna, ɓatan hanyar da ja-gabansa ya yi ne ya tsirar da shi.

Nan ne fa Agustin ya yi juyin da tarihi bai manta masa ba. A 405 Sarki Honoriyus ya haramta ɗariƙar Donatus. Agustin ya duba ya ga garinsu Tagaste, wanda a da duk mabiya Donatus ne, tsoron doka ya mayar da shi Katolika, kuma mutanen suna cewa sun gode. Sai ya sauya ra'ayi, ya zama malamin Kirista na farko da ya zauna ya tsara cikakkiyar hujjar halatta wa hukuma tilasta wa mutane shiga sahun da take ganin daidai ne. Ya kafa hujja da misalin nan na Linjilar Luka babi na 14, inda mai gida ya umarci bawansa ya matsa wa mutanen kan hanya su shigo walima, ya kuma kwatanta abin da uba mai horon ɗansa don ƙauna. A 411 aka tara bishop-bishop fiye da 560 a Kartaj, kusan rabi da rabi, a gaban wani jami'in sarki mai suna Marselinus, wanda shi kansa ɗan Katolika ne. Kowa ya san inda hukuncin zai faɗa. A 412 doka ta biyo baya: tara gwargwadon matsayin mutum, ƙwace majami'u, korar limamai, da bulala ga bayi da manoma. Adalci ne a faɗi cewa Agustin bai taɓa yarda da hukuncin kisa a kan wannan ba, har ya roƙi Marselinus kada a kashe waɗanda suka kashe wani limaminsa. To amma ya buɗe ƙofa, kuma waɗanda suka shiga ta cikinta bayansa ba su da tausayinsa.

Ana cikin haka, a watan Agustan 410, dakarun Gotawa ƙarƙashin Alarik suka shiga birnin Rum suka kwashe kwana uku suna wawaso, abin da ba a taɓa gani ba cikin shekara kusan 800. Masu bin addinin gargajiya suka ce wannan sakayyar watsi da gumaka ce, Kiristoci kuwa suka ruɗe, domin an koya musu cewa daular da ta karɓi addini Allah ba zai bari ta faɗi ba. Amsar Agustin ita ce littafinsa Birnin Allah, mai juzu'i 22, wanda ya fara a 413 ya kammala bayan shekara 13. Ya bi tarihin Rum dalla-dalla ya nuna cewa masifu sun sha afka mata tun tana bautar gumaka. Sannan ya ce 'yan Adam birni biyu ne da ke cakuɗe a duniya, ɗaya an gina shi kan son Allah, ɗayan kan son kai, kuma babu wata daula, ko da ta kira kanta ta addini, da za a ce ita ce birnin Allah. A ganinsa mulkin da babu adalci a cikinsa bai bambanta da gungun 'yan fashi ba sai a girma. Abin mamaki shi ne wanda ya rubuta wannan gargaɗi shi ne dai wanda ya ari sandar sarki don ya daki abokan saɓaninsa. Almajirinsa Orosiyus ma ya rubuta tarihin duniya bisa umarninsa, wanda aka fassara zuwa Larabci a Ƙurɗuba a ƙarni na 10, har Ibn Khaldun ya yi amfani da shi.

Yaƙinsa na ƙarshe shi ne da Felajiyus, wani mai zuhudu daga tsibirin Biritaniya da ya ga lalacewar Kiristocin Rum ya ce uzurin raunin ɗan Adam ne ke ƙara sangarta su. A koyarwarsa, Allah ba ya umarni da abin da ba za a iya ba, kowane jariri ana haifarsa ba laifi a wuyansa, kuma mutum na da cikakken zaɓi. Agustin, wanda ya san yadda ya yi ta so ya tuba ya kasa, ya ce sam. A nasa ganin, zunubin Adamu ya gurɓata zuriyarsa duka, son zuciya ya ɗaure nufin mutum, kuma babu mai tsira sai da alherin Allah wanda ba a saye da aiki, wanda kuma Allah ke ba wanda ya zaɓa tun fil'azal. Ya bi wannan hujja har inda ta kai shi, ya ce jaririn da ya mutu ba baftisma ba shi da rabo a aljanna, ko da yake azabarsa ce mafi sauƙi. Mai karatu da ya san muhawarar Ƙadariyya da Jabariyya zai ga kama, duk da cewa Musulunci bai yarda da zunubin gado ba. Da Fafaroma Zosimus ya nuna alamar wanke Felajiyus a 417, bishop-bishop ɗin Afirka suka yi tsayin daka, suka yi taro a Kartaj a 418, sarki ya mara musu baya, dole Fafaroman ya janye.

Da tsufa ya kama shi, ya yi abin da malamai ƙalilan ke iya yi: ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda ya yi kuskure da inda ya sauya ra'ayi. A 429 ƙabilar Bandal, mutum kimanin 80,000 ƙarƙashin sarkinsu Jensarik, suka ƙetaro daga Sifaniya suka bi gaɓar teku suna ƙone-ƙone. Malamai suka tambaye shi ko su gudu, ya ce muddin akwai sauran jama'a a gari makiyayi ba ya barin garke. A 430 suka yi wa Hifo ƙawanya. A wata na uku zazzaɓi ya kwantar da shi, ya sa aka rubuta masa zaburorin tuba aka manna a bango, ya nemi a bar shi shi kaɗai yana karantawa yana kuka. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Almajirinsa Fosidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce bai bar wasiyya ba don bai mallaki komai ba, sai dai ya ja kunne a kula da ɗakin karatun cocin. Littattafan sun tsira, kuma abin da ya iso gare mu daga rubutunsa ya kai kalmomi kimanin miliyan biyar.

Ikilisiyar da ya yi wa hidima kuwa ba ta sake komawa yadda take ba. Kartaj ta faɗa hannun Bandal a 439, Rumawan Gabas suka ƙwato ta a 533, sannan rundunar Musulmi ƙarƙashin Hassan bin Nu'uman ta ci birnin a 698. Kiristancin yankin ya riƙa raguwa a hankali har ya ɓace bayan wasu ƙarnoni, alhali na Ƙibɗawan Masar, waɗanda ke ibada da harshensu, yana nan har gobe. Masana da dama na ganin rarrabuwar kai da dogaro da Latin, harshen birni da hukuma, na cikin dalilan. Hifo ta koma Buna a bakin Larabawa, kuma daga nan aka samo laƙabin Ahmad al-Buni da ake jingina wa littafin Shamsul Ma'arif. Ƙasusuwan Agustin ma ƙaura suka yi, yanzu suna birnin Fabiya na Italiya.

A Turai ne gadonsa ya yi 'ya'ya. Shekara dubu ana karanta shi a gidajen ruhbanawa da jami'o'i, kuma daga rubutunsa malamai irin su Toma Akwinas suka gina ƙa'idojin yaƙin da ya halatta. A 1505 wani matashi Bajamushe mai suna Martin Luther ya shiga ƙungiyar ruhbanawa masu bin tsarin Agustin a birnin Erfurt. Ya yi azumi da tsayuwar dare har ya galabaita, bai sami natsuwa ba sai da ya karanta Bulus da idon Agustin, ya gamsu cewa ceto kyauta ne. Don haka da aka zo ana sayar da takardun sassaucin azaba don gina cocin Bitrus a Rum, ya fito da batutuwansa 95 a watan Oktoban 1517, wutar da ta raba Kiristancin Yamma biyu. John Calvin na Janeba, wanda littafinsa ya fara fita a 1536, babu wani malamin farko da ya fi ambato kamar Agustin, kuma daga gare shi ya ɗauko aƙidar ƙaddara. Su ma 'yan Katolika, a taronsu na Tirento tsakanin 1545 da 1563, da Agustin suka mayar da martani, suna nuni da abin da ya rubuta kan haramcin ɓallewa daga ikilisiya. Wato 'yan Furotesta sun riƙe abin da ya faɗa wa Felajiyus, 'yan Katolika sun riƙe abin da ya faɗa wa mabiya Donatus.

Abu guda da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne mummunan gadon nan na tilas. A 1553 aka ƙone Sabetus a Janeba ta Calvin saboda ya musanta aƙidar Triniti. A 1685, lokacin da Sarki Luwi na 14 ya soke 'yancin 'yan Furotesta a Faransa, an sake buga wasiƙun Agustin kan mabiya Donatus don a halatta abin da sojoji ke yi. Wani masani ɗan gudun hijira, Pierre Bayle, ya mayar da martani a 1686 da hujjar da har yau ba a rusa ta ba: kowane ɓangare na ganin shi ke kan gaskiya, don haka duk wanda ya halatta tilas don gaskiya ya halatta shi ga duk wanda takobi ya faɗa hannunsa. Sai a 1965 cocin Katolika ya fito a hukumance ya ce ba a tilasta wa kowa a sha'anin imani.

Har yau sunansa bai dushe ba. A 2001 gwamnatin Aljeriya ta shirya babban taron ƙasa da ƙasa a kansa, tana mai ɗaukarsa ɗan ƙasa. 'Yan ƙungiyarsa daga Ailan ne suka kafa mishan ɗin Katolika a Adamawa a shekarun 1940, kuma babbar makarantar horon limaman Katolika da ke Jos sunansa take ɗauke da shi. A watan Mayun 2025 aka zaɓi Fafaroma Leo na 14, wanda shi ne ɗan wannan ƙungiya na farko da ya hau kujerar.

Idan za a yi wa Agustin adalci, sai a ce mutum ne mai gaskiya ga kansa fiye da yawancin malamai, wanda bai ɓoye ƙuruciyarsa ba, bai kuma ji nauyin gyara littattafansa da hannunsa ba. To amma wannan gaskiya ba ta hana shi faɗawa ramin da masu ilimi ke yawan faɗawa ba, wato ganin cewa tunda niyyarsu kyakkyawa ce, babu laifi su ari ƙarfin hukuma. Ya yi nasara a kan mabiya Donatus a 411, amma kafin shekara 30 su cika sarakunan Bandal, waɗanda aƙidarsu ta saɓa da tasa, suka hau mulkin Kartaj, kuma daga baya ɗaya daga cikinsu ya ɗauko dokokin nan da aka yi wa mabiya Donatus ya juya su kan 'yan Katolika. Duk malamin da ke murnar cewa yau gwamnati na bayansa, ya kamata ya tambayi kansa hannun wa sandar za ta koma gobe.